Maido da Magana da Haɗiya ga Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye



Idan hawan jini ya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, hankalin dangi yakan tafi kan hannu da ƙafa. Harshe da maƙogwaro kuwa sai a bar wa Allah, alhali su ma suna da magani irin nasu, watau horon da masu gyaran magana ke yi. A shekarar 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna akwai wani gurbi a ƙwaƙwalwa wanda in ya lalace magana takan gagara fita, ko da mutum yana gane abin da ake faɗa masa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya gano wani gurbin, wanda lalacewarsa kan sa magana ta yi ta zuba ba ma'ana. Ga yawancin mutane duka biyun a hagu suke, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi yawan rasa magana. Irin wannan majinyaci ba hauka ya yi ba, ba kuma aljanu suka taɓa shi ba.

Fagge da Sabon Gari suna da darasi na musamman a nan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wannan yanki ya cika da masu harshe biyu ko uku. Ɗan kasuwar da ya shekara arba'in yana ciniki da Hausa yana iya farkawa daga ciwon ba ya iya kome sai Yarbanci ko Ibo da ya sha a nono. Wani kuma harshen cinikin ne ke fara dawo masa. Likita Pitres ya yi bayanin wannan tun 1895. Saboda haka lalle ne a gwada majinyaci da kowane harshe da yake ji. Hausa ita kanta ba ta yin rangwame: wanda harshensa ya yi nauyi har ya kasa raba kafa da ƙafa, ko da da ɗa, sai ya faɗi abin da bai nufa ba. Abin mamaki, sau da yawa wanda ya kasa kiran sunan ɗansa yakan kawo Fatiha daga farko har ƙarshe, ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma, kuma daga irin wannan abin da baki ya saba ake soma horo.

Haɗiya ta fi gaggawa, domin tana kisa. Abinci ko ruwa yakan ɓace hanya ya gangara huhu, wani lokaci ba tare da tari ba, bayan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon nimoniya. Tsurar ruwa ita ta fi saurin shaƙe irin wannan majinyaci, don haka akan fara da abu mai ɗan kauri, kamar kunu ko farar da aka dama ba gudaji. A zaunar da shi tsaye, a ba shi da ƙaramin cokali, kada a kwantar da shi nan take, a kuma wanke masa baki. Ɗura wa tsoho koko yana kwance, wanda ake yi don tausayi, hatsari ne babba.

Tun 1988 dokar ƙasa ta sa masu gyaran magana cikin ma'aikatan farfaɗo da majinyata da ake yi wa rajista, amma har yau ba su da yawa a Arewa. Watannin farko ne aka fi samun sauƙi, saboda haka dangin da suka kai majinyaci Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su nemi a duba haɗiyarsa kafin a ba shi ko da kurɓin ruwa, su kuma tambayi horon maganar da za a ci gaba da shi a gida kafin a sallame su.