Anny da gonar Tlelsa: jawabi a taron ƙungiya, unguwar Ƙaramar Kasuwa, Yamai



Malamai, shugabannin ƙungiya, ƴan uwa maza da mata. Da na faɗi abin da zan yi magana a kai, wani ɗan uwa ya tare ni nan bakin Habu Ganda ya ce, "Kai, a wannan zamani za ka kawo mana labarin Yahudawa?" Na gane abin da ke ci masa rai. Na ce masa ya zo ya saurara tukuna, yarinya ce mai shekara 11.

Sunanta Anny Boukris, a garin Mahdiya, bakin teku a Tunisiya. A watan Nuwamba 1942 sojojin Jamus suka mamaye ƙasar. Lokacin Tunisiya tana hannun Faransa kamar mu. Mu ma fa daga 1940 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta kafa dokokin ware Yahudawa, sai dai a lakwal ba a cika tsayawa kan wannan ba. A Tunisiya an kwashi Yahudawa kusan 5,000 zuwa aikin tilas. A Mahdiya kuwa soja suka kori iyalin Boukris daga gidansu don su zauna ciki. Su da danginsu suka fake a wata masana'antar man zaitun.

To, akwai wani Musulmi a garin, Khaled Abdul-Wahab, ɗan masanin tarihi Hassan Husni Abdul-Wahab. Ɗan babban gida ne, shekararsa 31, yana jin Jamusanci, yana zama da hafsoshinsu. A irin wannan zama ya ji wani hafsa yana faɗin mugun nufinsa kan Odette, mahaifiyar Anny. Bai yi masa gardama ba. Ya yi ta ba shi giya har ya bugu, sannan cikin dare ya nufi masana'antar, ya kwashe su zuwa gonarsa a Tlelsa. Mutum sama da 20.

Kar ku ce na gyara shi. Ba malami ba ne, mutum ne mai son jin daɗin duniya, kuma zaman da yake yi da Jamusawan shi ya sa maganar ta shiga kunnensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba daren ba ne, wata huɗun da suka biyo baya ne. Duk wanda baƙi biyar suka sauka gidansu daga Tillaberi ya san yadda buhun shinkafa yake ƙarewa. Shi mutum ashirin da wani abu ya riƙe, ga soja suna yawo kusa da gonar. Wata yarinya cikinsu, Eva Weisel, ta ba da labari daga baya cewa wasu hafsoshi sun taɓa shigowa a buge suna yi wa mata barazana, Khaled ya fito ya lallaɓa su suka tafi. Haka aka zauna har sojojin Ingila suka iso a watan Afrilu 1943. Kowa ya fita da ransa.

Khaled ya rasu a 1997 ba tare da duniya ta san abin da ya yi ba. Anny ce, tana tsohuwa a Amurka, ta ba da shaida a 2003, ta rasu ƴan makonni bayan haka. Robert Satloff ya sa labarin cikin littafinsa na 2006. A 2007 aka gabatar da sunan Khaled ga cibiyar Yad Vashem don a karrama shi, cibiyar ta ƙi, wai bai sa ransa cikin haɗari yadda sharaɗinsu ya tanada ba. Eva ba ta yarda da wannan hukunci ba, ta rubuta haka a jaridar New York Times a 2011. Ni ma ina bayan Eva, ita ce ta kwana a gonar.