Mazan Jiya na Bama: Yadda Muka Bi Sawunsu

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban wannan taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, kun san ƙungiya ta ɗora mana aikin tattara sunayen mutanen unguwar nan da suka je Yaƙin Duniya na Biyu. Mu ba 'yan tarihi ba ne, 'yan goro ne, iyakar karatunmu Islamiyya. Muka ce to, yara su riƙe waya, mu kuma mu zauna kusa da su. Abin da muka gano shi muka kawo muku yau, da kuma wata shawara da muke so a yanke kafin a watse.

Ran farko muka sha kunya. Wani yaronmu ya rubuta "runduna ta 82" da Turanci, sai ga hotunan Turawa suna dirowa daga jirgin sama da lema. Har mun fara murna, ashe ta Amurka ce, lamba ce kawai ta zo ɗaya. Ya sake gwadawa, sai ga ta sojan Nijeriya da ke Inugu. A nan muka gane wanda bai san yadda ake shirya soja ba, ko an nuna masa ƙarya ba zai gane ta ba.

Shirin kuwa ba wuya. Kofur yana da mutum kamar goma. Irin waɗannan in an tara su sun haura ɗari, an sami kamfani. Kamfanoni su haɗu su zama bataliya, wato mutum ɗari takwas ko kusa da haka. Bataliya uku birged ɗaya, birged uku babbar runduna ɗaya, wadda suke kira dibishan. Ingila ta kai irin wannan guda biyu Bama daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, an kafa su a 1943. Cikin ta 82 akwai bataliyoyin Nijeriya shida, ta 1, ta 2, ta 3, ta 5, ta 9 da ta 10, sauran ukun kuwa na Gwalkwas ne, wato Gana ta yau. Ta 81 ta fi gauraya: birged guda na mutanen Gwalkwas, wani kuma ya haɗa bataliyar Nijeriya ta 4 da ta Saliyo da ta Gambiya. Na ukun, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya, an cire shi an ba Janar Wingate, aka sauke su can bayan Japanawa a 1944. Su ne Chindit, waɗanda barikin Zariya ya ci sunansu.

Kada ku ga kamar lissafin banza ne. Tsoho in ya ce bataliya ta 7 yake, mun san ba kwarin Kaladan ya bi ba. In ya ce ta 4, to Kaladan ne. Lamba ɗaya tak ta nuna maka hanyar da mutum ya taka. Sunayen ma ga su kewaye da mu. Barikin Letmauk da ke nan Mokola, wanda muke wucewa kullum, sunan wani wuri ne a yankin Arakan na Bama. Haka Myohaung da ke Ikko, garin da rundunonin biyu suka ƙwace a Janairun 1945. Barikin Dodan ma daga can ya samo suna. Mun daɗe muna zaton wani dodo ake nufi!

To, ina ake samun gaskiya a intanet? A makaranta an koya mana kafin a karɓi ruwaya sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. A kasuwa kuma ba mai biyan kuɗin huhu don dillali ya yi rantsuwa, sai an kwance an duba har ƙasa. Da waɗannan biyun muka yi aiki. Wikipedia ta taimake mu ainun, amma kowa yana iya sa hannu ya gyara, saboda haka mukan sauka ƙasan shafi mu ga daga wane littafi aka ɗauko. Sau da yawa mukan tarar da shafi biyar suna faɗar magana ɗaya, har kuskuren rubutunsu iri ɗaya. Wannan ba shaidu biyar ba ne, mutum ɗaya ne aka kwafa. Littafin War Bush na John Hamilton, wanda ya fito a 2001, mun ba shi daraja domin marubucin hafsa ne a cikin ta 81. Duk da haka Bature ne, abin da hafsa ya gani ya rubuta. Ta wajen baƙar fata akwai labarin Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda aka harbe a Kaladan a 1944, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi wata da watanni. Burma Boy na Biyi Bandele kuwa, mai daɗi ne, amma ƙagaggen labari ne, ba a kafa hujja da shi.

Saƙonnin WhatsApp su suka fi ba mu wahala. An turo mana wani wai sojan Nijeriya ne suka shiga Balin suka kama Hitila. Rashawa ne suka ci Balin a 1945, namu a lokacin suna dajin Arakan suna fama da Japanawa da zazzaɓi. Hoto ma yanzu ba shaida ba ne, kwamfuta tana ƙaga shi cikin minti ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta tara mu. Wani gida sun kawo mana takardar sallamar kakansu, tana naɗe cikin tsumma a ƙasan adaka. Su dai sun tashi da jin cewa kyaftin ne. Muka buɗe, sai ga an rubuta Auxiliary Group. Waɗannan su ne masu ɗaukar kaya. Samarin gidan ransu ya ɓaci, suka ce ko dai a rubuta kyaftin, ko a cire sunan. Mun ce musu ba za mu iya ba. Hafsoshin wancan zamani kusan duk Turawa ne, babban muƙamin da mutanenmu suka saba kaiwa shi ne samanja. Wanda duk ya san wannan, da ya ga kyaftin a jerinmu zai yi shakkar sauran sunayen gaba ɗaya.

Kuma mene ne abin kunya? Dajin nan mota ba ta shiga. Jirgi ke jefo kaya daga sama, su kuma su ɗora a ka, harsashi da abinci da gutsattsarin igwa, su hau dutse su sauka, galibinsu ba bindiga a hannu. Sojoji ne masu lamba da albashi, ana harbinsu kamar kowa. Ku dubi tambarin runduna ta 82: māsu biyu ne aka gitta a kan gammo. Gammo fa, jama'a, irin wanda kakanninmu suka ɗauko goro da shi. Ra'ayinmu a rubuta kowa da aikin da takardarsa ta nuna, amma hukunci na taron nan ne.

Waɗanda nasu bai dawo ba, akwai hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, tana da rajista a intanet, kyauta ake dubawa. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai suna wajen 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sai dai nema da suna yana da wuya, don Turawa kan rubuta sunan mutum da na garinsu ne kawai, rubutun ma yadda kunnensu ya ji. Lambar soja ita ke raba gardama. Mu kuma muna shirin zuwa gidan ajiyar tsoffin takardu na ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, tunda ga shi nan kusa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu mata, ku ne masu adaka. Duk wadda ta ga takarda, ko lambar yabo mai kamar tauraro, ko tsohon hoto, kada a ba yara su yi wasa da shi. A kawo wa sakatare ranar Juma'a bayan an sauko. A gabanku za a ɗauki hoto, a miƙa muku abinku.