Kalmar Spool: Daga Kwarkwaron Masaƙa zuwa Ofishin Gwamnati



Ita dai kalmar spool ta shiga Ingilishi ne wajen ƙarni na 14, daga harsunan arewacin Turai, inda sana'ar saƙa ta yi ƙarfi a lokacin. Har yau Jamusawa suna da 'yar'uwarta. Ma'anarta ta asali ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: ɗan itace ne da ake naɗe zare a jikinsa, watau irin kwarkwaron da masaƙi ke sawa cikin ƙoshiya. Sai dai ɗalibi ya lura, ƙwaryar zaren da tela ke ɗorawa bisa keken ɗinki, mutumin Amurka ne ya fi ce mata spool. Mutumin Ingila ya fi ce mata reel.

Da zamani ya ci gaba, kalmar ta bi duk abin da ake naɗewa: fim ɗin hoto, zaren rikoda, da ƙyallen tawada na tafireta, wanda tsofaffin akawuna suka sha ɓata yatsu wajen sauya shi. Ta kuma zama aikatau, watau naɗewa.

To, inda gizo ke saƙar shi ne wajen kwamfuta. A shekarun 1950 da 1960, injin buga takardu yana tafiyar hawainiya, ita kuwa kwamfuta tsada gare ta, ba a son ta zauna jira. Sai aka riƙa juye aikin a faifan zare, a buga shi daga baya. Wannan dabara ita ma aka kira ta spool. Zaren ya tafi, sunan ya zauna. Shi ya sa ma'aikacin da ya tura wasiƙu goma lokaci guda, Windows ke jera masa su, su fito bi da bi.

A nan mai fassara yake iya yin ɓarna. Idan saƙo ya fito cewa spooler ya tsaya, aka fassara masa da kwarkwaro, sai akawu ya buɗe cikin injin yana neman abin da babu shi, wataƙila ma ya karya wani abu. Abin da ya tsaya shi ne layin jiran bugu, kuma a cikin kwamfuta ake tayar da shi.