Kakin Soja Ba Na 'Ya'yan Wasu Kaɗai Ba Ne

Iyayena, a saurara da kyau. Janar Murtala ɗan Kurawa ne, nan cikin birni, kuma daga Kwalejin Barewa ya shiga soja a 1958. To, yau ko kurtu ba a ɗauka sai da takardar sakandare. Mai ita, za a kai shi horo wata shida. In ya fito, ga albashi, ga sana'a, tuƙi ko kanikanci, abin da zai ci abinci da shi bayan ya tuɓe kaki. Kano tana da kasonta kamar kowace jiha. In kun cire yaro daga aji saboda noma, ɗan wa zai cike gurbin? Ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi ina sakandaren ƙauyenku.