Jawabi Kan Yafiya, a Taron Ƙungiya na Bana

 

Mu Kirista na garin nan ba mu da yawa. Al'adarmu ce kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki shi kaɗai da asuba, kafin a tafi gona ko lakwal. Tun 1932 aka buga shi dukansa da Hausa, don haka ba sai an iya Faransanci ba. Mukan karanta sura guda, mu rubuta cikin kaye abin da aka ce da abin da ya rage gare mu mu yi. Bana karatun ya kai mu kan yafiya, mun kuwa samu darasi uku.

Na farko yana cikin Matiyu sura 18. Wani sarki yana bin bawansa talanti 10,000, bashin da ba ya biyuwa har abada, sai ya yafe masa. Bawan na fita ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100, wato ladan aikin kwana 100. Sarki ya ji, ya sa aka kama shi. Wanda ya tuna yawan abin da Allah ya yafe masa, kunya za ta hana shi riƙe ɗan uwansa.

Na biyu labarin Yusufu ne, wanda ƴan uwanmu Musulmi ma sun san shi sarai. Yana ɗan shekara 17 yayyensa suka sayar da shi a kan azurfa 20. Da yunwa ta kai su Masar, bai ɓoye laifinsu ba. Ya gwada su tukuna, ya faɗa musu abin da suka yi, sa'an nan ya ciyar da su. Ashe mai yafiya yakan faɗi gaskiya, ramuwa ce kawai yake ajiyewa.

Na uku, hanya. Matiyu 18 ta koya mana a fara samun mai laifi a keɓe. In bai ji ba, a tafi da mutum ɗaya ko biyu. Sai daga ƙarshe a kai magana gaban jama'a. Mu kuwa daga kasuwa muke farawa.

Wannan koyarwa ta sha gwaji a ƙasarmu. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, an yi hasarar rayuka. Shugabannin ikilisiya suka fito fili suka ce sun yafe. Ba mu manta ba kuma da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista cikin gidajensu.

To, mu dawo gida. Akwai wanda ya aiko kuɗin kwano daga Abijan, ya komo ya iske ɗaki ba rufi. Akwai wa da ƙane da ba su gaisawa saboda iyakar gona. Ƴaƴansu suna zaune kan benci ɗaya a lakwal, mun ga gabar ta fara kama su. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Roƙonmu ɗaya ne. Kafin ruwan shuka ya sauka, wanda yake riƙe da wani ya taka ƙafa ya same shi. In akwai kuɗi a tsakani, a yi lissafi gaban dattawa, a sa ranar biya, a bar gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.