Amsar Wasiƙunku: Shin Guje-guje Da Wasan Kwaikwayo Na Ɓata Karatun Yaro?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani magidanci a Kwargaba, cikin ƙaramar hukumar Wurno. Ya ce ɗansa yana sakandaren gwamnati, an zaɓe shi cikin 'yan gudun makaranta, kuma ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Shi kuwa boko ya kai shi, ba tsalle-tsalle ba, ga aikin fadama na jiran hannu da yamma. Yana tambaya, ya hana shi ko ya ƙyale shi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, don ba kai kaɗai take damu ba. Amma kafin ka yanke hukunci, bari in ba ka labarin wata makarantar gwamnati. An buɗe ta a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Maƙwabcinku na Rabah, marigayi Sardauna Ahmadu Bello, a can ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Ya shahara ƙwarai a wasan nan da Turawa ke kira Fives, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Wasan bai hana shi zama malami a Midil ta Sakkwato ba, bai hana shi hakimcin Rabah a 1934 ba, balle Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Har ya zama babba bai daina bugawa ba.

Janar Yakubu Gowon kuma, sa'ad da yake ɗalibi a Zariya, shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ga gudun dogon zango, ga dambe. Daga 1966 zuwa 1975 shi ya riƙe ƙasar nan.

Ta fuskar wasan kwaikwayo fa? Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna ya fara rubuta wasanni yana shiryawa da 'yan uwansa, yana sukar zalunci da cutar talakawa. A nan ya koyi tsayawa gaban jama'a ya faɗi gaskiya ba tare da murya ta yi rawa ba. Mu ma a ƙasar Sakkwato muna da namu, Alhaji Abubakar Tunau, wanda aka buga littafinsa Wasan Marafa a 1949, yara suka yi ta kwaikwayonsa a makarantu.

Kada fa a ce na ce duk wanda ya yi gudu zai zama shugaban ƙasa. A'a. Da yawa sun yi gudun, sun ci kofi, yau suna gona ko kasuwa. Abin da nake nufi shi ne, wasa mai tsari yana koya wa yaro kiyaye lokaci, da bin doka, da haƙurin shan kaye. Lokacin da nake koyarwa, akwai wani yaro da ko sunansa ba ya iya faɗi a aji don kunya. Muka ba shi matsayin alƙali a wani wasa. Wallahi kafin ƙarshen zango shi ke fara ɗaga hannu.

Sai dai damuwarka tana da tushe, Malam. Na ga yaran da ƙwallo ya ɗauke wa hankali har suka faɗi jarrabawa. Saboda haka ga shawarata. Na farko, ka karɓi sakamakon jarrabawarsa na zangon da ya wuce ka ajiye. In na gaba ya yi ƙasa, sai a rage wasa. Na biyu, ka je da ƙafarka ka ga malamin wasanni, ka ji ranakun atisaye, ku raba mako tsakanin fili da fadama. Na uku, wasa kada ya ci lokacin salla, kuma yaro ya dawo gida kafin magariba. Na huɗu, ka tambayi abin da wasan kwaikwayon ya ƙunsa. In tarbiyya ce, madalla, in shashanci ne, kana da ikon cewa a'a.

Ranar gasar makaranta kuma, don Allah ka bar fadama na yini guda ka je ka tsaya a bakin fili. Yaron da ya hango mahaifinsa cikin 'yan kallo, ba ƙaramin ƙarfi yake samu ba. In ka hana shi da tsawa kuwa, zai je a ɓoye, ka rasa gudun ka rasa gaskiyarsa.

Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba ku amfanin gona mai yawa. A gai da mutanen Kwargaba da Rabah da Goronyo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.