Baturanmu Ba Mutuwa Suke Yi Ba, Kashe Su Muke Yi

Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa injiniyoyi, masu haɗa sola da masu gyaran batir da suka rufe shago suka zo, na gode. Lokaci kaɗan aka ba ni, bari in shiga magana.

Ba sai na faɗa wa kowa a ɗakin nan abin da ya kai mu ga sola ba. Kun san abin da ya biyo bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kun kuma tuna duhun da Arewa ta kwana ciki fiye da mako guda a watan Oktoban 2024. Yau da wuya ka shiga unguwa ba ka ga faranti a kan rufi ba. Abin da ba a gani daga titi shi ne batirin da ke ƙasa, wanda galibi ya fi komai tsada a cikin kayan, kuma shi ke fara mutuwa. Da ya mutu, amsa ɗaya ake ba mai shi: jabu aka sayar maka. Na ji wannan a bakin 'yan kasuwa, na ji a bakin jami'an gwamnati, na ji har daga wasu abokan aikina da ke zaune a layin gaba. Akwai jabun batir a kasuwa, ban musa ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan baturan da ake kawo wa masu gyara a mace, lafiyarsu ƙalau suka shigo ƙasar nan.

Batirin dalma da asid da muke amfani da shi tsohon abu ne. Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, ba wani sirri da ya rage a kansa. Wanda ke buƙatar shaidar cewa kulawa ce ke sa batir ya daɗe ya dubi masu motocin nan na Amurka da Turai da aka mayar gida, da gado da kicin da firji a ciki, irin waɗanda ake ƙerawa a Elkhart ta jihar Indiyana. Mai irin wannan mota batir kala biyu yake ɗauke da su. Ɗaya na tayar da inji, mai siraran faranta, ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya huta. Ɗayan na cikin ɗaki, mai kauraran faranta, wanda ake ja a hankali dare guda, fitila da fanka da famfo. Wannan na biyun ɗan uwan wanda ke bayan inbatarka ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dubban masu irin waɗannan motoci kan je hamadar Arizona, wajen garin Quartzsite, su yi watanni babu wayar lantarki, daga farantin rufi sai batir. Mutumin da ya san in batirinsa ya mutu a daji ba mai kawo masa ɗauki, ba ya jira sai fitila ta dushe kafin ya buɗe murfi. Duk wata sai ya duba ruwa, ya goge kai, ya auna. Abin da zan roƙa mu ɗauka daga wurinsu ke nan.

Abin da ba zan yarda mu ɗauka ba shi ne tsoronsu. Su sanyi suke tsoro. Batirin da cajinsa ya ƙare ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, yana daskarewa da an ɗan sauka ƙasa da sifili, ya fasa kwanson. Shi ya sa littattafansu suka cika da yadda ake ajiye mota a lokacin ƙanƙara. Mu kuma muka kwaso waɗannan littattafai muna koyar da yaranmu da su a kwalejojin fasaha, alhali abokin gabarmu zafi ne, wanda a can layi biyu ake ba shi a ƙasan shafi.

Nan zan daɗe, waɗanda suka sha jin wannan a bakina su yi haƙuri. Lambar da aka rubuta a jikin batir, ko ƙarfinsa ko shekarun da zai yi, galibi an auna ta ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, wasu kamfanonin Indiya a 27. Ƙa'idar da kamfanonin da kansu ke bugawa ita ce, duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan wannan yana raba rayuwar batir biyu. Ba ra'ayina ba ne, tushensa lissafin da Svante Arrhenius na Suwidin ya fitar a 1889 kan yadda zafi ke gaggauta aikin sinadarai. Mu ɗauki goma, don kada a ce na matsa. A ce batir zai yi shekara shida a digiri 25. A 35 uku zai yi. A 45 shekara ɗaya da rabi.

To, mu dubi inda muke. A watan Afrilu zafin rana a Kano kan kusanci 40, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ya haura. Kuma wannan a inuwa ake auna shi, inda iska ke kaɗawa. Ina muke ajiye batir? A sito mai rufin kwano ba silin, ba taga, don tsoron ɓarawo. A ƙarƙashin bene, a matse da inbatar da ita ma zafi take fesowa. A akwatin ƙarfe da aka liƙa a jikin turken fitilar titi, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Ga shi batir da kansa yana ɗumi in ana cajinsa. Za a ce ai akwai hunturu da damina, matsakaicin shekara bai kai haka ba. Gaskiya ne, amma ɓarnar da bazara ta yi hunturu ba ya mayar da ita. Zafi yana cinye ragar dalmar da ke riƙe da farantin, abin da ya zube ya zube.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a cikin zafi batir yana ɗan ƙara ƙarfi. Watannin farko mai gida sai yabo, wuta har asuba. Bai san cewa a lokacin nan ruwan na ƙonewa da sauri ba, cajin na zurarewa ko ba a kunna komai ba, farantin na lalacewa. Batirin da aka rufe ruf, wanda ake tallarsa da cewa ba ya buƙatar kulawa, shi ya fi shan wahala, domin ruwan da ya rasa ba ƙofar da za a mayar masa. Ku da kuke gyara kun sha ganin su sun kumbura ciki.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni takaici, saboda maganinsa ba ya cin ko sisi. Bolt ɗin da ake cajin batir da shi dole ya sauka in zafi ya hau. Kamfanoni na ba da tsakanin milibolt uku zuwa biyar ga kowane ɗaki na batir a kan kowane digiri. Batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi. In ya kai digiri 40, wato ƙarin 15, a kan milibolt biyar, kusan rabin bolt ya kamata a rage. Wanda aka ce a caja a 14.4 ya koma wajen 14. Kyawawan na'urorin daidaita caji da yawa suna zuwa da 'yar wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batir, ita ke yin wannan lissafin. Ku tambayi kanku sau nawa kuka ga an manna ta. A kwali ake barinta, a tafi da kwalin bola. Sai a wayi gari ana dafa batir da caji fiye da kima a cikin watan da ya fi kowane zafi, a ce kamfani ne ya cuce mu.

Kisa na biyu yunwa ce. Batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya a takarda. Rabin wannan ne naka in kana son ya daɗe, inbata kuma ta ci nata, ya rage wajen 1,000. Dutsen guga ɗaya zai shanye shi a awa guda. Inbata da yawa ba sa yanke wuta sai an sauka 10.5, wanda ke nufin an tatse batirin ƙarƙaf, kuma haka ake barin su. Washegari ga hazo, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin da ba a wanke ba, cajin bai cika ba dare ya sake yi. A duk lokacin da batir ya sauka, wani gishiri na dalma yana taruwa a farantansa. In an cika shi da wuri gishirin ya narke ya koma. In ya yi makonni bai cika ba, ya ƙanƙare, ba cajin da zai tayar da shi. Mai haɗa sola da ya sayar da batir huɗu da faranti biyu ya san abin da ya yi. Mita ta 'yan dubbai ta isa a gane: a cire komai, a bar batir ya huta 'yan awoyi, in ya nuna 12.6 ko 12.7 ya cika, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 an shiga haɗari.

Sai ruwa. Abin da ke fita daga batir ruwa ne, ba asid ba, don haka ruwa kaɗai ake mayarwa, kuma wanda aka tace ta hanyar tururi. Ba na leda ba, ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba, duk akwai gishiri da ƙarfe a cikinsu. Masu gyaran bakin titi da ke ƙara asid don batir ya “tashi”, ku bari, kwana kaɗan yake yi ya tafi gaba ɗaya. A tabbata ruwa ya rufe farantai, amma cikawa sai bayan caji, domin ruwan na kumbura. Farin garin nan ko shuɗi da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, ya sa kan ya yi zafi. A kashe komai, a fara kwance wayar baƙi, a wanke da burushi da ruwan bakar hoda ta soda, ko jiƙaƙƙiyar kanwa in ita ke kusa, a kula ko ɗigo kada ya shiga ciki. A ɗauraye, a bushe, a ɗaure da kyau, a shafa basilin, wayar baƙi ta koma a ƙarshe. A sa tabarau da safar hannu. Kuma ba sigari, ba ashana, domin iskar haidirojin da batir ke fitarwa tana kama wuta da ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar ɗaki. Ƙurar da ke kwanciya a saman batir ma, in ta haɗu da danshin asid, hanya ce da wuta ke bi tana tsiyayewa. Tsumma ya isa.

Wasu matasan injiniyoyi za su ce duk wannan tarihi ne, litiyam ya zo. Madalla, wanda ke da kuɗi ya saya. Shi ma zafi na tsufar da shi, kuma mai shagon aski a unguwar Kurna ba shi zai saya bana ba. Masu cewa a hana shigo da jabu, a hana. Ba zai sanyaya sito ko ɗaya ba.

Ga hukumomi kuwa, maganata da su tsohuwa ce. Ana ba da kwangilar sola a asibitin karkara ko rijiyar burtsatse, a ɗauki hoto ranar buɗewa, babu ko layi ɗaya a kasafin kuɗi na ruwan batir ko na wanda zai duba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa duka sai kayan sun ga bazara biyu suna aiki. A rubuta a takardar kwangila cewa ɗakin batir zai kasance da inuwa da tagogin iska sama da ƙasa, an ɗaga baturan daga ƙasa, an bar tazara tsakaninsu, an manna wayar auna zafi. A ajiye littafi a jikin bango, duk wata a rubuta bolt da matsayin ruwa, a sa hannu. Kuma a daina cusa sabon batir cikin tsofaffi, tsohon ne ke jan sabon zuwa kabari.

Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Duk batirin da ya mutu a shekara biyu maimakon biyar, dalma ce da ta tafi hannun 'yan gwangwan tun kafin lokacinta, a fasa da gatari a bayan gida, a zubar da asid a kwata, a narka a buɗaɗɗen kasko. A Thiaroye-sur-Mer, gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 ta dalilin dalmar tsofaffin batura. Mu ma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinari ta fito, yara sama da 400. Gubar ɗaya ce. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, muna jiran mu ga aikinsu a kasuwannin gwangwan.

Malamaina na kwalejoji, ku sa kula da batir a zafi cikin manhaja, da awoyinsa na aikin hannu. Ku masu haɗa sola, kafin watan Maris ya kama ku koma gidajen da kuka yi wa aiki, ku sa hannu a jikin batir da azahar, ku rage bolt ɗin caji inda ya kamata.